Rabon Ruwa a Duwatsun Colorado

Yaya Tasalla,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai ba ta son hawan tudu.

Bana dusar ƙanƙara ta yi ƙaranci a duwatsu, ita ce kuwa ruwan nomanmu in ta narke. Ni manoma suka danƙa wa rabon ruwan. Maƙwabcina, tsoho Eloy, ya ce, "Ke Balaraba, wakenki na mutuwa! Ƙara wa gonarki ruwan awa ɗaya mana, wa zai gani?"

Na ce, "Baba, akwai Mai gani."

Waken ya bushe, Yaya, na ɗan yi hawaye. Amma jiya sun sake zaɓena, ba hannu ɗaya da ya rage a ƙasa. Ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Balaraba