Kambun Ƙafar Dama

Litinin, 4 ga Oktoba 2010

Mushe Laminu, mai motsa wa maigida gwiwa a likitar Maraɗi, ya ce in sayi kaye, littafin rubutu, in riƙa rubuta awon ƙafarsa. Ga shi na saya. Awo layi biyu ne, sauran takardar tawa ce.

Tunda ba mai jina a nan, bari in kama sunan. Na Allah. Na Allah ɗan kokowa na Tchaké, wanda jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke bara a tsakiyar fili, ina tsaye ina kallo. Ƙarar tana kunnena har yau, kamar an taka busasshen kara. An yi masa aiki a Yamai satin da sojoji suka karɓi mulki, ana harbi a gari shi yana kwance bai san inda kansa yake ba. Wata takwas ke nan. Yanzu wai zai koma.

Tsoro nake ji. Na faɗa.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Dokar Mushe: maigida ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa, ya dira ya tsaya cak. In ta hagu ta kai tara cikin goma na ta dama, ya shiga fili. Na aro metir wurin tela na auna nisan tsallen. Dama 148, hagu 119. Bai kai ba. Alhamdu lillahi, Allah ya gafarta mini.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Ya hau tudun rairayi da buhun gero a ka. Da ya dawo na latsa gwiwar ko ta kumbura. Ko kaɗan.

Talata, 2 ga Nuwamba

Dama 149, hagu 136. Na yi lissafin sau uku, har da tsinke a ƙasa. Ya wuce. Yau ce ranar da na yi da-na-sanin zuwa lakwal, makarantar boko. Ya tsaya kaina yana haki, ya ce, "Rakiya, mi takardar ta ce?" Ƙaryar tana bakina, ba mai kama ni, shi bai san baƙi ba. Na kasa. Na ce ya kai.

Kafin la'asar ya aika wa Dikko makaɗi da goro. Karawar Asabar bayan Layya, a Mayahi, da Ƙadri na Hawandawaki. Ƙadri kuwa! Mutum sai ka ce rumbu.

Juma'a, 5 ga Nuwamba

Maigida ya fito da kayan kokowarsa daga akwati, guraye da layu, yana gwadawa yana 'yar waƙa. Akwai kambun da Auta baduku ya ɗinka masa shekara uku da suka wuce, daidai cinyarsa ta dama. Da sai mun shafa sabulu yake hawa. Yau ya zura shi, ya miƙe, kambu ya sulale har idon sawu.

Ya yi dariya, wai fata ta saki. Fatar da ta yi rani a cikin akwati? Ƙanƙancewa take yi, ko yaro ya sani. Ya yagi tsumma ya naɗa a cinya ya ɗora kambun, bai dube ni ba.

Ta dama fa. Ƙafar da ba a taɓa ba. Sai na tuna bazarar nan da rumbu ya zama wayam, muna jiƙa dilo, 'ya'yan anza, muna dafa tafasa, shi kuma kullum ya ture akushi gaban yara ya ce ya ci a waje. Wane waje? Mutum da sanda biyu a hammata. Ni ma da na yarda ba hankali gare ni ba, ko kuwa yarda na so in yi.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Na ari salula na kira Mushe. Na gaya masa zancen kambu. Sannan ya ce, "Madam, takardar nan an yi ta ne don mutanen da ƙafarsu mai lafiya ta ƙoshi. Mun auna mai rauni da mai yunwa. Ta hagu ba ta kamo ta dama ba, ta dama ce ta sauko ta same ta." Ya ce in Ƙadri ya murɗa shi a kan ƙafa ɗaya, jijiyar na iya sake tsinkewa, kuma ɗinki na biyu ba kamar na farko ba ne. Ko gona sai dai ya kalla. A ƙara wata huɗu, ya ci, ya cika.

Na mayar da salular, na zauna a kan turmi.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Na gaya wa maigida. Ya ce, "Ke kika auna, ke kika ce ya kai." Na ce awon ne da kuskure. "Goro ya riga ya tafi, Rakiya." Bai ci tuwo ba.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Na cire kunya na je wurin Dikko. Na durƙusa na ce, Baba, don Allah ranar nan kar ka buga takensa. Kowa ya san ɗan kokowa in ya ji takensa ba ya iya zama, jikinsa ke tashi ba da shawararsa ba. Tsohon ya daɗe yana murza igiyar gangarsa. Ya ce, "Ɗiyata, na ci goronsa. In na gan shi a fili na tsallake shi, na binne shi da ransa. Bugu nawa ne, tashi nasa ne."

Duk hanya ina ganin motar Yamai da warin likita.

Alhamis, 18 ga Nuwamba

An yi Layya. Ban taɓa naman ba.

Juma'a, 19 ga Nuwamba

Ni na haɗa masa jaka. Guraye, layu, walki, kambu. Tsumman na jefa a murhu. In ya gane, ya gane.

Lahadi, 21 ga Nuwamba

Jiya. Sai yau na iya rubutawa.

Fili ya cika, sojoji biyu na korar mutane baya da bel. Ina cikin mata na hango shi yana zazzage jaka. Ya nema, ya sake nema. Ya ɗago ya dubi wajenmu. Tsumma ba ya wuya a Mayahi, ko gefen rigarsa ya yaga ya isa. Bai yaga ba.

Dikko ya buga. Wallahi ji na yi kamar a cikina ake bugawa. Maigida ya tashi. Na ce shi ke nan, na toshe baki da zane. Ya shiga yana takawa yana kirari, Ƙadri na can yana watsa ƙasa a ƙirji. Taku uku, kambu ya sulale ƙasa a gaban kowa. Wasu suka yi dariya.

Ya sunkuya ya cire shi ya ɗaga sama. Ya ce, "Kun san cinyar da aka ɗinka wa wannan. Yunwa ta riga ka, Ƙadri, ita ta kada ni. Ka ba ni zuwa baɗi." Dariyar ta mutu. Wa ke filin nan da bai matse ɗamararsa ba bana? Ƙadri ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya kai mu. Dikko bai daina bugu ba har maigida ya fita, da ƙafafunsa biyu.

A mota muka dawo ni da maigida. Kusa da gida ya ce, "Wutar murhunki tana cin tsumma."

Talata, 30 ga Nuwamba

Auta baduku ya zo da wuƙarsa, wai a rage kambun ya zauna daidai. Kafin maigida ya buɗe baki na ji muryata daga madafa: kar a taɓa shi, cinyar ce za ta zo ta same shi. Suka juyo suna kallona. Na ce asarar fata nake gudu.

Na ƙara masa nono a hura, da wake. Kaurin cinyar dama 51, na rubuta. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba.

Ɗazu ina daka, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Rakiya, taken wa kike bugawa da taɓarya?" Na ce hatsi nake daka.