Safar da Na Warware

Kazaure, daren Laraba, tsakiyar Sha'aban

Barci ya ƙi zuwa. Tun la'asar abin da ke cikina bai motsa ba.

Ni na jawo. Wata biyu ke nan Maman Rifkatu, matar malamin firamare da ke haya a bayanmu, tana koya mini saƙa da zaren ulu. Ta ce a garinsu tun kafin haihuwa ake tara kayan jariri. Na biye mata na saƙa 'yar safa ruwan ɗorawa, na ɓoye cikin kwalla.

Yau Inna, uwar maigida, ta buɗe kwallar tana neman turaren wuta. Ta ɗago safar da yatsa biyu, ta daɗe tana kallo.

"Ke 'yar nan, wa ya ba ki tabbacin zai zo da rai? Mu ba ma yi wa wanda bai iso ba sutura. Kin manta na bara?"

Ban manta ba. Na durƙusa na ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

Na san rai a hannun Allah yake, ba a zare ba. Na sani. Amma bayan isha'i na zauna gaban fitila na warware ƙafa ɗaya tas. Na ɗauki ta biyun, na kasa.

Na sha ruwan randa, na kwanta ta hagu kamar yadda ungozoma ta ce. Shiru.

Ga safar a tafina, ba ta kai tsawon yatsana ba. Ya Allah, ko sau ɗaya ne, ya shure ni.