Ranar da Nake Rawa

Landan, Agusta 1999

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da Nana Hauwa da yara. Ni lafiya lau, wankin kwanukan nan ne dai ya cinye mini hannu, amma da sauƙi.

Na shiga ajin Turanci. Ana koya mana yadda ake faɗin abin da mutum yake cikin yi a wani lokaci da ya wuce. Malamar ta tambaye ni me nake yi ranar da soja suka miƙa mulki. Na ce mata "I was dancing", don kuwa mun taru da 'yan gida mun cashe. Har tafi aka yi mini.

Jiya na haɗu da Alhaji Mikail na Ƙofar Wambai, ya zo sarin kaya. Ya riƙe hannuna yana yi mini ta'aziyyar Baba. Ashe a ranar miƙa mulkin nan kuka binne shi. Wai kun ɓoye mini don kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane, har kuna rubuto mini cewa yana gaishe ni.

Yaya, ni ma ubana ne fa. Kuna ɗauke da makara, ni ina rawa.

Allah Ya jiƙan Baba. A gaida Inna. Ku kuma na gode, hankalina bai tashi ba.

Ƙaninka,
Jafaru