Ruwan Rijiyar Sarkinmu

Yaya Aunegilda,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ina lafiya, mayaƙan Faranka da suka kamo mu sun rage dukana, dawakinsu nake kiwo.

Yaya, kaina ya ɗaure. Rijiyar da suka jefa sarkinmu na Burgundiya a ciki tana bayan garkenmu. Yanzu masu zazzaɓi ke tururuwar shan ruwanta, wai sarkin ya zama waliyyi. Na ce wa wata tsohuwa, "Iya, mutumin nan ɗansa fa ya sa aka shaƙe, ina cikin fada a ranar." Ta ce, "Ba ya tuba ba? Matsa mini!"

Makon jiya zazzaɓi ya kayar da ni, na lallaɓa na sha, ga shi na warke. Kada Inna ta ji.

Allah ya haɗa fuskokinmu. Ki tambayar mini limamin cocinmu, wa zan gode wa?

Ƙaninki,
Wilimar