Tsumman da Baba Ya Naɗa

Laraba da dare, Cadawa.

Yau na sauya tukunyar kashe gobara da ke bisa injin niƙanmu, wadda ke fesawa da kanta in zafi ya kai mata. Da na sauke tsohuwar, na tarar an naɗe bakinta tam da tsumma.

“Baba, wa ya yi wannan?”

“Ni ne. Kar garin hatsi ya shige ta.”

Shekara uku muna barin injin yana aiki mu tafi salla, hankali kwance. Ashe Allah kaɗai ke gadi.

Ban yi faɗa ba. Na ɗaura sabuwa, na yi mashi bayani, ya gyaɗa kai.

Amma dai tsumman, a aljihuna na taho da shi.