Gidan da Na Ce Nawa Ne

Doha, Qatar

Ƙanena Abubakar Siddiƙ,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Zakiyya da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, aikin gini yana tafiya. Mu takwas ne a ɗaki, amma an saba.

Na ga hotunan gidan da ka saya a GRA, Allah ya sanya alheri. Tun daga bishiyoyin mangwaron na gane shi: gidan da Baba ya yi gadi shekara goma sha biyu, inda ake hana mu bi ta ƙofar gaba. Yanzu ga kwalta har bakin get. Ka san ni na yi wa Inna alkawarin wannan gida, saboda shi na baro unguwarmu ta Barkin Sale. Kai da ka zauna kana sayar da tayil a Sauka Kahuta, sai ga shi ka riga ni. Na yi murna, wallahi, amma ranar ban iya cin abinci ba. Da na kira Inna, albarka take ta sa maka har muka yi sallama.

Ga roƙona. Wani abokin aikina, David, ɗan unguwar Shango, ya ga hoton a wayata ya ce, “Maiwada, naka ne?” Na ce masa e. Shi ne mai kawo maka wasiƙar nan, kuma yana son ya ga gidan. Ka zagaya da shi ko'ina. Idan ya ce gidan yayanka ya yi kyau, don girman Allah ka ce masa an gode kawai.

Ka gaishe min da Inna.

Yayanka,
Maiwada