Jirgin Zai Ci Gaba da Tashi Daga Gidana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan sai godiya. Gwaggo ta fara takawa har bakin ƙofa, Auta kuma ta koma makaranta.

Saƙonka ya iso ta bakin Kawu, cewa in sallami ma'aikatan gandun daji, kada jirginsu marar matuƙi ya sake tashi daga gidana. Yaya, tun muna yara ban taɓa mayar maka da magana ba. Amma wannan karon ba zan bi ba, kuma gara ka ji daga gare ni.

Kurmin madacin da Baba ya bar mana a bayan gari, wani ƙwaro ya shige shi, yana cin itace ta ciki. Wanda ke ƙasa zai ga ganye kore shar ya wuce abinsa, alhali can sama ya fara bushewa. Jirgin ke ɗauko hoto, itacen da ya kamu ya fito da launi daban, a sare shi tun bai shafa wa na kusa ba. Ban tsaya ga hoto ba. Na bi ma'aikatan, na ɓamɓare ɓawon ɗaya da hannuna, gari ya zubo mini kamar an niƙa.

Kawu ya ce maka jirgin yana leƙen matan mutane. Wannan ni ya fara hana sukuni kafin shi, don ban manta abin da aka karantar da mu kan leƙen gidan wani ba. Shi ya sa na kafa sharaɗi. Kafin jirgin ya tashi, da ƙafata nake bi gida-gida in yi sallama in sanar, mai wanka ta gama, mai shanya ta yafa mayafi. Sannan in zauna gefen matar da ke sarrafa shi daga ƙasa, idona a kan allon da hoto ke fitowa, ba ta kunna kyamara sai ya ƙetare katangar ƙarshe. Ranar da ta yi gaggawa har rufin maƙwabta ya fito a allon, na sa ta sauko da shi ta goge hoton a gabana. Ta yi dariya, ta ce ko shugabanta bai tsananta mata haka ba. Na shimfiɗa wa Kawu tabarma ya zo ya gani, ya ƙi. Yana can ƙarƙashin rumfa, da ya ji ƙugin jirgin sai ya danne hula, wai kada a ɗauki hoton sanƙonsa.

Gidana kaɗai ke da fili kusa da kurmin. In na kore su, wani dajin za su nufa, namu ya mutu a tsaye muna kallo. Na san kana da rabo a ciki, ba na musun haƙƙinka. Sai dai ƙwaron bai san inda rabonka ya tsaya nawa ya fara ba. Zan iya jure fushinka, ba zan iya jure a tambaye ni amanar Baba in rasa amsa ba. In sun dawo, zan buɗe musu ƙofa.

Ka gaishe mini da matar Yaya, da takwarata, da mai sunan Baba. Gwaggo da Auta suna gaishe ka. Allah Ya huci zuciyarka, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai girmama ka.